Yadda na sayi bindigata ta farko a Teksas, da abin da nake so sabon shiga ya sani

Bindigar farko da na taɓa mallaka AR-15 ce, doguwar bindiga mai siffar ta soja, a Teksas na saye ta, a shago, da sunana da adireshina a takarda, babu wani ɓoye-ɓoye. Tunda maganar ta fita cikin 'yan uwa Hausawa da ke nan Houston da kewaye tambaya bata ƙare ba, wace iri ka saya, nawa ka biya, wai dama suna sayar wa wanda ba ɗan ƙasa ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda abin ya kasance tun daga farko. Kuma in faɗa tun yanzu, zaɓen bindigar kanta shi ne abu mafi sauƙi a duk tafiyar, wahalar tana wajen takardunka, da gidanka, da hannunka da bai saba ba.

Takardu dai su ne farko, kafin ma ka buɗe YouTube ka fara kallon masu gwada bindigogi. Ni girin kad gare ni, wato katin zaman dindindin a Amurka, kuma dokar tarayya ta yarda mai girin kad ya sayi bindiga kaman yadda ɗan ƙasa zai saya. Amma wanda ya shigo da biza ta wucin gadi, ɗalibi mai F-1 ko ma'aikaci mai H-1B ko baƙo mai bizar ziyara, asalin dokar hana shi tayi, ba saye kaɗai ba har riƙewa, sai in ya faɗa cikin 'yan togaciyar da aka ware, wadda aka fi sani ita ce mallakar lasisin farauta mai aiki. Hatta hayar bindiga a filin harbi ta shiga ciki, wannan kuma yaranmu ɗalibai da yawa basu sani ba, abokai su ja su ranar Asabar aje a yi harbi a ɗauki hoto a ɗora a Instagram. Dan Allah in kana kan biza ka ga lauyan shige da fice tukuna, kar ka dogara da maganar mai shago kuma kar ka dogara da tawa. Mu masu girin kad ɗin ma ba a sake muke ba, dan in kotu ta kama mutum da laifin da ya shafi bindiga, wannan kaɗai ya isa dalilin a kore shi daga ƙasar. Ba'amurke in ya yi ganganci zai biya tara ko ya yi zaman kaso ya fito ya koma gidansa, kai kuma zaka iya rasa zaman da ka shafe shekaru kana nema.

Sai jihar da kake. Gwamnatin tarayya ta taɓa hana sayar da irin waɗannan bindigogin a 1994 zamanin Bill Clinton, dokar ta ƙare a 2004 ba a sabunta ba, daga nan kowace jiha ta kama gabanta. Kalifoniya da Niyok da Ilinoyi da wasu sun hana su ko sun ɗaure su da sharuɗɗa masu tsauri, Teksas kuwa babu lasisin saye, babu rajista, babu iyaka kan yawan harsashin da magazin, wato gidan harsashi, zai ɗauka. Duk abin da zan faɗa anan na Teksas ne, wanda ke wata jihar ya binciki tasa, kuma in zaka tashi daga nan ka koma can ka bincika kafin ka loda kaya a mota.

A gida ma sai da aka sha magana. Uwargida bata so ba da farko, kuma ban ga laifinta ba. Mu 'yan jihar Katsina ne, bindiga a wajenmu ba abin wasa bace, mun san ƙauyukan da aka tasa, mun san mutanen da aka biya kuɗin fansa kafin su dawo da waɗanda basu dawo ba. Ga kuma abin da ya faru anan Teksas ɗin a Uvalde ranar 24 ga Mayu 2022, yara 19 da malamai 2 a makarantar firamare, da irin wannan bindigar aka kashe su, kuma yaron da ya aikata a shago ya saya bisa doka yana cika shekara 18. Tace min "Baban yara, yanzu irin wannan abin zaka shigo mana dashi gida, ga yara?" Ban yi mata gardama ba dan tambayar gaskiya ce. Abin da muka tsaya a kai shine bindiga ba zata taka gidan ba sai akwatin ƙarfen ajiyarta ya riga ta zuwa, kuma sai na yi aji na koyo, kuma ita ma zata je ta koyi yadda ake duba ko akwai harsashi a ciki da yadda ake cire shi ko da bata taɓa harbawa ba. Duk mai iyali ina ba shi shawara kar ya ɓoye wa matarsa, bindigar da matar gida bata san da ita ba haɗari ce a kan kowa.

Toh ita kanta bindigar. Wani injiniya Eugene Stoner ne ya tsara ta a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950, kamfanin ya sayar wa Colt da haƙƙin ƙerawa a 1959, sojan Amurka suka ɗauke ta da sunan M16 lokacin yaƙin Biyetnam, daga baya aka fitar da gajeriyarta M4 wadda suke riƙewa yanzu. Wadda ake sayar wa farar hula a ido kusan ɗaya suke amma aikinsu ya bambanta, ta soja tana iya yin ruwan harsashi in ka danne kunama, ta shago kuwa ja ɗaya harsashi ɗaya, sai ka saki ka sake ja. Masu sarrafa kansu, wato masu ruwan harsashin, tun 1986 aka rufe yi wa sababbi rajista ga farar hula, tsofaffin da suka rage kuɗinsu ya kai na mota mai kyau. Kuma duk wanda yace maka ga wani ɗan ƙarfe da zaka saka ta koma mai sarrafa kanta, ka guje shi, shi kansa ɗan ƙarfen a idon doka bindiga ce mai sarrafa kanta kuma ɗaurin shekaru ne.

Kafin in kashe ko dala ɗaya na fara zuwa filin harbi ina haya. Wani abokin aikina tsohon soja ne ya fara kai ni, kuma filaye da yawa ma basa ba sabon mutum haya in shi kaɗai ya zo, sai da rakiya. Na gwada AR na gwada AK. Maganar gaskiya AK ɗin tana da daɗin hannu ta wata fuskar, bata da tarkace, ka ja ka saki ta tashi, ta Mikhail Kalashnikov ce tun 1947 kuma har yau ana yabon ta da jure ƙura da datti. Waɗanda ake samu a shagunan nan irin WASR-10 ta Romaniya ne da Zastava ta Sabiya, suna cin harsashi 7.62x39. Amma tafi nauyi, tafi dukan kafaɗa, ɗora mata madubin saiti sai da dabara, kuma arahar harsashinta da ake taƙama da ita ta ragu tunda aka toshe shigo da harsashin Rasha a 2021. Bayan wannan kuma akwai abin da ke zuciyata wanda ba na lissafi bane, ina riƙe ta sai hotunan 'yan bindigar dajin Rugu da na Zamfara su faɗo min, ban ji zan iya ajiye wannan siffar a ɗakina ba. Wani ba zai ji haka ba kuma ban ce ya yi laifi ba.

AR ɗin kuma bata da duka sosai, nauyinta wajen kilo 3 in babu kaya a jikinta, gindinta ana ja a tsawaita ko a rage daidai hannun mutum, wanda yasa ni da uwargida duk zata yi mana. Babban abin da ya ja ni shine kayan gyaranta, anan ita ce kaman Corolla a gida, duk shagon da ka shiga akwai kayanta akwai wanda ya iya ta, kuma na wannan kamfanin yana shiga na wancan saboda kusan duk ma'auni ɗaya suke bi.

Daga nan ne kai ke ɗaukan zafi, dan kana fara bincike zaka ga lambobi da haruffa kala-kala kowa na rantsuwa nasa ne daidai. Bayan na tace, abubuwan da suka rage masu muhimmanci ga mai farawa basu da yawa.

Tsawon bututu inci 16. Wannan ba maganar sha'awa bace, a dokar tarayya doguwar bindigar da bututunta bai kai inci 16 ba tana cikin wani rukuni na daban da sai an yi mata rajista ta musamman da ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. M4 ta soja inci 14.5 ce, shi yasa zaka ga samari na son gajeru, akwai ma waɗanda ake sayarwa da sunan fistol masu ɗan madogarin hannu a baya, dokarsu ta sha canzawa ana ta shari'a a kai. Mai girin kad bashi da abin yi a wannan layin, ka ɗauki 16 hankalinka kwance.

Sai harsashi. A jikin bututun ana buga abin da take ci, ka duba da idonka. In an rubuta 5.56 NATO zata ci 5.56 ta kuma ci .223 Remington lafiya lau. In .223 Remington kaɗai aka rubuta to ba a so a saka mata 5.56, dan ƙarfin matsinsa yafi. A ido harsasan biyu iri ɗaya ne, shi yasa abin ke ruɗa mutane. Akwai ta uku .223 Wylde ita ma tana cin duka biyun. Akwai kuma wasu AR ɗin masu cin wani harsashin daban kaman .300 Blackout, wanda yake shiga magazin iri ɗaya, kuma in ya kuskure ya shiga bindigar 5.56 aka harba tana iya tarwatsewa a fuskar mutum. Ga mai bindiga ɗaya abin da yafi shine nau'in harsashi ɗaya a gidan, shikenan.

Akwai lambar da zaka gani kaman 1:7 ko 1:8 ko 1:9, wannan murɗin da ke cikin bututun ne, 1:8 na nufin harsashi zai juya sau ɗaya a duk inci 8 na tafiyarsa. Harsashi mai tsawo da nauyi yana son murɗi mai sauri. 1:7 da 1:8 duk suna ɗaukan kusan duk abin da zaka samu a kanti, daga mai giren 55 zuwa mai 77, giren ɗin ma'aunin nauyin harsashi ne, ni dai 1:8 na samu kuma ban ga abin da na rasa ba.

Wanda na ɗan daɗe a kansa shine hanyar iskar gas. Yadda take aiki, in ka harba, wani ɓangare na iskar da ke tura harsashin yana bi ta wani ɗan rami a saman bututu ya koma baya ta siririn bututu ya tura ƙarfen ciki, shi ne zai fitar da kwanson da aka harba ya ɗauko sabon harsashi. In ramin yana kusa da baya iskar tana zuwa da ƙarfi, bugun yafi kaifi, kayan ciki sun fi saurin gajiya. In an matsar dashi gaba kaɗan, wanda suke kira matsakaici, a bututu mai inci 16 bugun yafi laushi. Na harba duka biyun a jere a fili kuma na ji bambancin, ba mai yawa bane amma akwai, na zaɓi matsakaicin. Sauran maganganun, wane ƙarfe aka yi bututun dashi, 4140 ko 4150, an shafe cikinsa da kurom ko naitraid, gaskiya mai zuwa fili ƙarshen mako ba zai harba abin da zai nuna masa bambancin ba cikin shekaru. Abin da abokina ya sa na duba kawai shine a buɗe ta a ciro ƙarfen cikin a ga kusoshi biyun da ke samansa an danne gefensu da kyau yadda ba zasu kwance ba, sai kuma mariƙin gaba ya zama mai ramukan M-LOK dan ɗaura fitila da igiya.

Kuɗi kuma, a lokacin da na yi nawa cinikin, na Palmetto State Armory suna farawa wajen dala 500, Ruger AR-556 da Smith & Wesson M&P15 Sport suna tsakanin 600 da 800, BCM ta haura dubu, Daniel Defense tana neman dubu biyu. Farashin nan yana hawa da sauka, musamman in zaɓe ya matso ko wani abu ya faru mutane suka ruɗe da saye, lokacin rangwamen ƙarshen Nuwamba kuma yana faɗuwa. Shagon farko da na shiga yaron da ke tsaron shagon yana jin na ce ta farko ce sai ya miƙo min mai tsadar, wai ka saya sau ɗaya ka huta. Mu ma muna cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma ban musa ingancinta ba, amma lissafina daban ne, in na zuba dubu biyu a bindiga me zai rage na akwati da aji da harsashin koyo? Na kuma ƙi mara suna mai arahar banza, na kuma ƙi shawarar masu cewa ka sayi gutsattsari ka haɗa da kanka, wanda bai taɓa ganin yadda lafiyayya take aiki ba in tasa ta ƙi aiki ba zai gane daga ina matsalar take ba, ga babu garanti. M&P15 Sport III na ɗauka a ƙarshe, inci 16, 5.56, gas matsakaici, a wani ƙaramin shago da dattijon da ke wajen ya zauna ya buɗe min ita ya haɗa a gabana ba tare da gaggawa ba.

Ana iya saye ta intanet kuma sau da yawa yafi araha, amma ba gidanka za a kawo ba, sai an aika wa dila mai lasisin tarayya ka je can ka cike takarda ka biya shi kuɗin miƙawa, yawanci dala 25 zuwa 50. In ka haɗa da kuɗin aikowa wani lokacin ribar ta tafi. A shago kuma kar ka manta da harajin saye, anan Houston kashi 8.25 ne.

Ranar saye na tafi da lasisin tuƙi na Teksas da girin kad ɗina. Adireshin da ke kan lasisin dole ya zama inda kake zaune yanzu, in ka tashi baka canza ba sai ka kawo wata takardar gwamnati mai sabon adireshin. Aka bani fom 4473 a kwamfuta. Ka karanta shi a tsanake, layi-layi, mai shago ba zai faɗa maka amsar da zaka bayar ba. Zai tambaye ka ko kai ne ainihin mai sayen, ko kotu ta taɓa kama ka da babban laifi, ko kotu ta taɓa hukunta ka kan dukan iyali ko ta baka umarnin nisantar matarka, ko an taɓa kwantar da kai asibitin ƙwaƙwalwa bisa umarni, ko kana shan ƙwaya, kuma sun rubuta ƙarara cewa wiwi haramun ce a dokar tarayya ko da jiharka ta halatta. Wurin ƙasa na rubuta Najeriya na saka lambar da ke kan girin kad. Nan wajen ina roƙon kowa da girman Allah, kar hannunka ya kai kan akwatin da ke cewa kai ɗan Amurka ne in baka yi rantsuwa ba tukuna, ƙarya a fom ɗin babban laifi ne, da'awar zama ɗan ƙasa ta ƙarya kuma tana rushe maganar takardunka gaba ɗaya.

Tambayar farkon ma, ta ko kai ne ainihin mai sayen, ba ta ado bace. Mu mutane ne masu kara, ɗan uwa zai ce ga kuɗi ka sayo min tunda kai takardunka sun cika, ka ji nauyin ce masa a'a. Saya wa wanda doka ta hana laifi ne da ɗaurinsa ke kaiwa shekara 15 tun dokar 2022, kuma sunanka ne a kan lambar bindigar duk inda ta je.

Bayan fom sai su tura bayananka ga FBI, tsarin binciken da ake amfani dashi tun 1998. Amsa uku ce, a ba shi, a dakata, ko a hana. Nawa a dakata ya fito, dattijon yace kar in damu, ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba abu ne da aka saba dan sai an haɗa da duba bayanan shige da fice, sannan sunaye irin namu da mutum dubu ke amsawa suna sa a ƙara tantancewa. Shi yasa yana da kyau ka saka lambar soshiyal ɗinka, wato lambar shaida ta Social Security, ko da yake ba dole bane, tana raba ka da mai irin sunanka. Doka ta ba su kwana 3 na aiki, in basu ce komai ba mai shago yana da damar miƙa maka amma ba tilas bane, wasu shagunan sai sun ji amsa. Wanda bai kai shekara 21 ba nasa binciken yana iya kaiwa kwana 10 na aiki. Ni dai kafin wa'adin ya cika aka kira ni a waya akace in zo in ɗauka.

Akwatin ya riga ta isa gida kaman yadda muka yi alkawari, na ƙarfe mai lambobi, na ɗaure shi da kusoshi a jikin bango cikin ɗakin kaya yadda ɓarawo ba zai sungume shi ya fita ba. Bindigar tana ciki babu harsashi, harsasan suna wani akwatin daban da nasa makullin. A Teksas laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaron da bai kai shekara 17 ba zai kai gare ta, amma ni ba tsoron dokar ne ya dame ni ba. Gidajenmu gidajen baƙi ne, ranar suna ko sallah yara goma suna zagaye ɗakuna, kuma yaro babu inda baya buɗewa, saman kwaba da ƙarƙashin gado ba maɓoya bane. Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba, fiye da rabin mutuwar bindiga a Amurka mutane ne suke kashe kansu. In akwai mai fama da damuwa a gidanka, ko kai kanka kana cikin wani hali, ko aure na tangal-tangal ana yawan faɗa, ka jinkirta sayen, bindigar ba guduwa zata yi ba.

Tawa bata zo da abin saiti ba, dan haka ka tambaya kafin ka biya. Na sayi madubi mai jan ɗigo na Sig Romeo5, na ƙara da saitin roba na Magpul mai naɗewa saboda ranar da batir zai mutu, sai igiyar ratayawa, sai magazin na PMAG masu cin 30 guda kaɗan, sai jaka, sai kayan wanki da mai. Na tsaya anan. Zaka ga mutane a fili bindigarsu ta sha kaya kaman me, leza da mariƙi da madubi biyu, ka duba takardar da suke hari ka ga harsashi ya watse ko'ina. Abin da ban yi rowa a kai ba shine kariyar kunne da ido. Ƙarar 5.56 ta wuce desibel 150, a cikin rufaffen fili kuma abin yafi muni, ni toshe na soso nake sawa in ɗora na lantarki a kai, jin da ya tafi baya dawowa.

Harsashin koyo mai giren 55 nake saye da kwali, yana kamawa wajen santi 50 ɗaya, kaga magazin ɗaya dala 15 kenan ya tafi cikin 'yan mintuna, anan ne ainihin kuɗin yake tafiya ba a bindigar ba. Mai koren kai, M855, akwai ƙarfe a cikinsa kuma filaye da yawa na cikin gini basa yarda dashi, har maganaɗisu suke kangawa su gwada, ka tambayi filinka kafin ka sayo kwali guda.

Ajin da na shiga na yini ne na masu farawa, kuma a duk kuɗin da na kashe babu wanda na ji daɗinsa kamarsa. Kafin a taɓa harsashi sai da malamin ya sa muka haddace ƙa'idoji huɗu, ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kar bakinta ya kalli abin da baka yi niyyar hallakawa ba, yatsanka baya shiga wajen kunama sai ka saita ka yanke shawarar harbi, kuma ka san abin da kake hari da abin da ke bayansa. Yana faɗin ta biyun na tuna hadisin da ke cewa wanda ya nuna ɗan uwansa da makami mala'iku suna tsine masa har sai ya daina, ko da ɗan uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Mu da aka karantar damu wannan tun muna yara bamu da uzurin wasa da ita a falo ana ɗaukan bidiyo. Cire magazin kuma baya nufin ta zama fanko, ɗaya yana iya zama a ciki, sai ka ja ka kulle ta a buɗe ka leƙa da ido ka taɓa da yatsa. Wannan shi ne abin da uwargida ta koya kuma ta iya shi tsaf.

A ajin muka daidaita saiti a yadi 50. Wani abu da ban sani ba sai ranar, madubin yana sama da bututu da wajen inci biyu da rabi, dan haka a kusa-kusa harsashi yana sauka ƙasa da inda ɗigon yake, kuma zaka iya ganin hanya a buɗe ta madubi alhali bakin bindigar yana fuskantar gefen tebur. An nuna mana yadda ake buɗe ta da fil biyu a wanke, da cewa tafi son mai akan bushewa. Sai maganar dalma, tana cikin harsashi tana kuma cikin hayaƙin, tana manne wa hannu da riga. Mu da hannu muke cin tuwo kuma muna ɗaukan jarirai, dan haka ina fitowa nake wanke hannu da sabulu da ruwan sanyi, kayan da na sa kuma daban ake wanke su.

Masu tambaya ta ko ta dace da tsaron gida, ra'ayina kenan, tana da sauƙin saiti fiye da fistol nesa ba kusa ba, amma bangon gidajen nan allo ne ba bulo ba, harsashi yana ratsa shi ya shiga ɗakin yara ko gidan maƙwabci, musamman ga mazauna afatmen. Sannan dokar kare kai ta Teksas tana da faɗi amma tana da iyaka, kuma ko ka yi daidai sai ka sha tambayoyi da kuɗin lauya. Na fi ɗaukanta a matsayin abin koyon harbi da nake so in ƙware a kai, tsaron gidan kuma na fara shi daga ƙofa mai ƙarfi da fitilu da kyamara. In zan fita da ita tana cikin jaka a kulle babu harsashi a but ɗin mota, daga gida sai fili daga fili sai gida, bana tsayawa kanti in barta a mota dan daga motoci ake sace bindigogi da yawa anan. Kudu kuma ba a nufar iyakar Meziko da ko harsashi ɗaya da ya faɗa ƙarƙashin kujera, can ɗauri ne.

Da labari ya kai gida wani ƙanina ya kira ni, yace "Yaya, kai da ka san halin da muke ciki, ko a cikin motocin da ake lodowa a kwantena ba zaka sako mana ɗaya ba?" Wallahi na fahimce shi, mutumin da baya iya zuwa gonarsa ba zaka ce masa baya buƙatar kariya ba, kuma maganar ta tsaya min a rai. Amma nace masa a'a, kuma na faɗa masa dalili. Fitar da bindiga daga Amurka ba lasisi babban laifi ne, ba ita kaɗai ba har kayan jikinta da harsashi da wasu madubban saiti, kuma an sha ɗaure 'yan Afirka ta Yamma anan kan ɓoye bindigogi cikin motoci da durom. A Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 ta saka bindigogi irin na soja cikin haramtattu waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa, abin da farar hula ke iya nema wajen 'yan sanda bindigar farauta ce. In an kama ta a tashar Legas lambar jikinta ni zata nuna, in ta wuce ta isa ƙauye kuma shi za a kama da ita, ko masu dajin su ji labari su zo su karɓe ta a kan gawarsa. Abin da na iya yi masa shine na tura kuɗi aka gyara katanga da ƙofa, aka kuma biya musu kason gidanmu na 'yan sintirin unguwa na shekara.